Gona Mai Masauki a Gefen Legas: Ina Rabon Mutanen Ƙauyen?

Duk wanda ya bi titin Lekki zuwa Epe a 'yan shekarun nan ya ga abin da ke samun ƙasar yankin. Tun da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a farkon 2023, aka kuma ƙaddamar da matatar man Ɗangote watanni kaɗan bayan haka, daji ya zama kuɗi. Ko'ina alluna ne: ga fili na sayarwa, zo ka biya kaɗan-kaɗan. Legas ce jihar da ta fi kowace ƙarancin faɗin ƙasa a Najeriya, ɗan abin da take da shi ma ruwa da fadama sun ci rabonsu, mutane kuwa kullum mota da jirgi sai sauke su suke yi. Ragowar gonakin Epe da Ikorodu da Badagry layi kawai suke bi, kowace na jiran ranar da katafila za ta iso kanta.

A cikin wannan rububin ne wata sana'a ke tasowa a hankali. Iyali su sami gona, su gina 'yan ɗakuna uku ko huɗu a gefe, mutanen birni su zo yammacin Juma'a su koma Lahadi, su biya kuɗin kwana da na ci. Abin da gonar ta haifar shi ake dafa musu. Yara su watsa wa kaji tsaba, su ga yadda ake tuge rogo, iyaye su yi barcin da ba hon ɗin danfo, ba janaretan maƙwabci. Makarantu ma kan kwaso ɗalibai a bas su yini. Mutanenmu sun fara leƙa harkar: ɗan gwarin da ya tsufa a kasuwar Mile 12, dillalin shanu na Oko-Oba, ɗan canjin da ya gaji da ƙirga takarda yana son abin da zai bar wa 'ya'ya.

Ina cikin masu murna da wannan. Amma akwai maganar da ake yawan maƙala wa irin waɗannan gonaki, a allonsu ko a shafinsu na Instagram, wai suna "taimakon al'ummar yankin". In ka bi diddigi, taimakon shi ne buhunan shinkafa da ake rabawa sau ɗaya a shekara, an jera tsofaffi a rana, mai ɗaukar hoto a gaba. A wurina wannan bai biya komai ba. Gonar da ke karɓar baƙi tana cin ƙasar ƙauyen, tana cin ruwansa da hanyarsa da shirunsa, har da fuskokin mutanensa, domin duk su ne baƙon ya biya kuɗi ya zo gani. Rabon ƙauyen bashi ne a wuyan mai gona. Wurinsa cikin littafin lissafi ne, layi ɗaya da kuɗin abincin kifi da na dizal, tun kafin a zo maganar riba.

Sana'ar dai ta cancanci a tsaya mata. Noma kaɗai a gefen Legas da wuya ya riƙe ƙaramin manomi. Mai kiwon kaji ko tarwaɗa zai gaya maka abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin kai kaya kasuwa ya zama wani ciwon daban. Ka yi watanni kana ciyar da kifi, ranar kwasa mai sari ya zo da sikelinsa ya yanka maka farashi, ba ka da wurin ajiya, dole ka sallama. Amma kifin nan in an gasa shi a gonar, an ɗora a faranti da soyayyen agade gaban baƙon da ya taso daga Ikeja, kuɗinsa ya ninka, kuma ba dillali a tsakani. Ga shi aiki ne da ya dace da gida guda. Mu da muka fito daga tsarin gandu mun san wannan: uba na sa ido, uwa na riƙe madafa, babban ɗa na lissafi, ƙanana na kiwo. Sabon abu kawai shi ne wayar da ake amsa masu neman ɗaki da ita.

Sannan ga yaranmu. Agegen da muke zaune cikinta yau, ta Zango da Pen Cinema da gosulo, gonaki ce shekaru ɗari da suka wuce. Koko da goro ake nomawa, manyan manoma irin su J. K. Coker sun yi suna a Ifako, kuma goron nan, tare da layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912, na cikin abin da ya jawo kakanninmu suka zauna. Yau sai ka sha yawo kafin ka ga bishiyar goro a Agege. Akwai yaran da aka haifa a nan, ubansu da tumatir ya yi arziki, amma ba su taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba, sai a kwando. Hutun da ake kai su gida kuwa ya ragu, ga tsadar mota ga tsoron hanya.

Saukar baƙi ma tsohuwar sana'armu ce. Fatoman zango shi ke ba fatake ɗaki da tuwo, ya tsaya musu a ciniki, ya ci la'adarsa, kuma ya san zama a garin mutane ba a banza ake yinsa ba: yana gaida sarkin gari, ana ganinsa a biki da makoki. Bambancin mai gona da fatoma ɗaya ne. Shi ba a zango yake ba, inda 'yan'uwa suka kewaye shi. Daga shi sai iyalinsa a tsakiyar ƙauyen Ijebu ko na Egun, baƙo yana saukar baƙi.

Akwai gonar da na sani a bayan Epe, ta wani Alhaji da muka daɗe muna sallah a masallaci ɗaya. Ba babba ba ce. Rogo da agade, kududdufan tarwaɗa na siminti, kaji, 'yan tumaki a garke, sai ɗakunan baƙi da rumfar cin abinci da ɗan masallaci. Lokacin da za a kewaye filin, sai aka tarar wata tsohuwar hanyar ƙafa ta ratsa tsakiyarsa, daga ƙauyen zuwa bakin ruwa. Takardar da aka ba shi ba ta san da hanyar ba. Magini ya ce a toshe, ai fili ya zama nasa. Matarsa Hajiya ce ta ƙi. Ta zo ganin wurin da sassafe, ta ga mata da kwanduna a ka suna bin hanyar, ta tambaye su da Yarbancinta na 'yar Agege, suka ce in an rufe sai sun zagaya ta titi, tafiyar da za ta cinye musu rabin safiya. Ta ce da mijinta, "Alhaji, in muka toshe hanyar nan, kullum sai an tsine mana kafin mu tashi daga barci." Aka yi shinge biyu, aka bar lungu a tsakani. Ya yi asarar ɗan tsirin ƙasa, ya sayi wayar shinge ninki biyu, ya kuma yi mitar abin har ya gaji.

Yanzu da hantsi matan ta bayan madafa suke dawowa daga bakin ruwa. Wata dattijuwa ce ke fara tsayawa, ta sauke kwandonta a kan kututture, ta yaye buhun da ta rufa masa: karfasa, jatan lande, wani lokacin ƙaguwa na motsi a ƙasa.

"Alhaja, zo ki duba."

"Iya, yau kuma nawa za ki yanke ni?"

A yi ta ja-in-ja, rabi Yarbanci rabi dariya, a ƙarshe Hajiya ta zaɓa, ta biya nan take, ta rubuta a wani littafin makaranta mai shuɗin bango da ke rataye a ƙusa. Baƙin da suka tashi da wuri sukan zagayo su sayi na tafiya gida, a farashin da Iya ta faɗa, ba mai karɓar kamasho. A bakin lungun kuma an fito da famfo ɗaya daga tankin gonar zuwa waje, ba kwaɗo a jikinsa, ba kuma allon da ya ce gudummawar Alhaji wane.

Ba nisa da nan akwai wata gonar, ta fi ta Alhaji kyau nesa ba kusa ba. Katanga mai tsayi, fasassun kwalabe a sama, mai gadi da kare. Duk abin da ake dafawa daga birni ake lodo shi ranar Alhamis, har ƙwai da ruwan leda. Ma'aikata daga wata jiha aka kwaso su, a ciki suke kwana. Abin da ƙauyen ke samu daga gare ta shi ne ƙurar motocin baƙi, kiɗa har tsakar dare, da ruwan kududdufi mai wari da ake sakowa ta wani bututu a gindin katanga. A watan Disamba ana raba shinkafa. Mai ita ba Bahaushe ba ne, amma da namu ne ma ba zan yi mamaki ba.

Daga bututun nan ya kamata a fara, don kafin a ce ka ba mutane wani abu, sai an ce ka daina ƙwace nasu. Ruwan tarwaɗa sai an riƙa canja shi akai-akai, kuma in ya gangara rafin da mata ke wanki da jiƙa rogo, ka raba su da abin da buhu ɗari ba zai mayar ba. Kashin kaji in ya taru, ƙuda da wari maƙwabta ke sha. Alhali duka biyun dukiya ce: ruwan kifi na tayar da ugu da alayyafo, kashin kaji taki ne da manomin ƙauye zai zo da baro ya kwasa yana godiya. Cibiyar Songhai da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985, 'yar tafiya daga Badagry, a kan haka aka gina ta, sharar wani sashe ta zama abincin wani. Gwamnatin Legas ma ta kwaikwayi tsarin a gonarta ta Avia da ke Badagry. Sai dabbobi. Tun Satumban 2021 Legas ta haramta kiwon sake, kuma ko ba doka, Bahaushe mai gona a ƙasar Yarbawa ya fi kowa bukatar ɗaure tumakinsa. Tunkiya ɗaya ta shiga rogon wani da safe, kafin azahar labari ya cika WhatsApp cewa makiyaya sun cinye gonar mutane.

Daga nan sai cefane. Babu gonar da ke noma duk abin da baƙo ke ci, to ragowar daga ina? Ɗan gwari hannunsa zai fi saurin zuwa Mile 12, tunda can ya san farashi, can ake ba shi bashi. Albasa da tumatir da tattasai ba laifi, dama daga arewa suke. Amma manja, gari, kwakwa, abarba, kifi, itacen girki, tabarmi, har ɗinkin labule, duk akwai su a ƙauyen ko a kasuwar da ke kusa, irin ta kifi ta Oluwo a Epe. Kuɗin da aka kashe a nan duk mako ya fi kowace kyauta amfani, don mai sayarwa na iya dogara da shi. Ta san Juma'a na zuwa, sai ta shiga adashi. Italiya, wadda ta yi nisa a wannan sana'a, ta yi mata doka tun 1985, ta sabunta a 2006. Sharuɗɗa biyu daga ciki sun burge ni: dole noma ya ci gaba da zama babban aikin gonar, kada masauki ya haɗiye shi, kuma abincin da za a ba baƙo ya zama akasarinsa daga gonar ne ko gonakin yankin. Wanda ya gina otal ya ɗaure akuya biyu a ƙofa ba ya cikin lissafi. Mu ba sai mun jira majalisa ta zauna ba kafin mu ɗora wa kanmu wannan.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne ɗaukar ma'aikata, kuma a nan ba na saurin ganin laifin kowa. Tun da gwamnatin Sanwo-Olu ta taƙaita acaɓa a 2020, ta hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ta ƙara huɗu bayan wata uku, samarinmu da yawa sun rasa abin yi. Duk Bahaushen da ya buɗe wani abu a Legas ya san wayar da ke biyo baya: "Yaya, ga yaron nan fa yana zaune." Ƙanwarka ce ke magana, ba ka iya kashe mata waya. Ga batun amana: yaron gida ka san ubansa, in ya yi ɓarna ka san ƙofar da za ka buga. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili, yaron gida ya fi araha, don sau da yawa albashinsa tuwo ne da tabarma da "za a duba ka in za ka gida".

To amma ka ɗauka kai ne saurayin ƙauyen. Filin da kakanka ya noma an kewaye, motoci na shiga, ƙamshin gashi na dukan hancinka, kuma duk mai aiki a ciki da wani harshe yake magana. Yaya za ka ji? A ganina raba aikin ba wuya, don ƙasar da kanta ta raba shi. Yaron Jigawa ya fi sanin rago da sa. Hawan kwakwar manja, tuƙa kwale-kwale, sanin lokacin da ƙasar kurmi ke son rogo, nan ɗan gari ne gwani, kuma mai gonar da ya raina saninsa da asara zai koya. Abin da nake ƙi shi ne rabon da za a ce 'yan gari shara da sassabe, makulli da lissafi kuwa na 'yan gida. A sami ko da ɗan ƙauyen ɗaya da ke riƙe sito ko karɓar baƙi, wanda bayan 'yan shekaru zai iya buɗe tasa. Akwai matasan da aka horar a cibiyar noma ta gwamnati da ke Araga a Epe, ba rashin masu sani ake yi ba. Albashi kuma a yanka wa kowa a fili, ɗan gari da ɗan gida. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Legas ta sa 85,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato gonar iyali ba mai bincikenta sai tsoron Allahn mai ita.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a majalisa. "Malam, filin nan da kuɗina na saya. Na biya dangin da suka sayar, na gaida Baale, dagacin ƙauyen, na biya masu awo. Ranar da na zuba yashi omo onile suka zo na biya, ranar harsashi suka dawo, ranar rufi ma haka. Gwamnati na karɓar harajinta. Yanzu kuma ka ce ana bi na bashi?" Ba ƙarya ya faɗa ba. Fitinar omo onile, wato masu tatsar mai gini da sunan su ne 'ya'yan masu ƙasa, ta kai sai da gwamnatin Ambode ta yi doka a kanta a 2016, har da ɗauri. Wanda aka tatsa haka, in ya ja katanga, ba a cika ganin baƙinsa ba.

Sai dai a duba wa ya ci kuɗin. Ƙasar ƙauyen Yarbawa galibi ta dangi ce, shugaban dangi da 'yan manya ke sa hannu. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, saboda haka takardar mallaka daga Alausa, sakatariyar gwamnatin Legas, take fitowa. Tsakanin shugaban dangi da ofis da zauna-gari-banzan bakin titi, kuɗi ya tsallake bazawarar da ke shuka kuɓewa a filin, ya tsallake mai tsintar itace da mai ɗana tarko. Su ne suka yi asara ta gaskiya, su ne kuma maƙwabtanka na kullum. Omo onile ya ci ya koma tasha. Shi ya sa na fi son haya ta shekaru masu tsawo a kan saye, inda hali ya yi. Kuɗin saye sau ɗaya ake cinsa, a sayi mota a yi biki ya ƙare, jikoki su taso su ga baƙo a filinsu su fara neman lauya. Haya kuwa duk shekara sai an haɗu, an gaisa, an ƙirga. Tana da nata haɗarin, don gina ɗaki a ƙasar da ba taka ba sai mai ƙarfin zuciya, sai kuma takarda mai ƙarfi. Wanda ya riga ya saya, to ya bar wa masu noman da wani gefe su ci gaba, ko da aro ne. Mu ma a gida ai haka ake yi.

Amsa ta biyu ƙasa-ƙasa ake faɗinta: "Duk abin da ka yi musu, ranar da rigima ta tashi kai baƙo ne." Masu faɗin haka ba a littafi suka karanto ba. Sun ga rikicin Idi-Araba a 2002, sun ga na Mile 12 a Maris ɗin 2016, sun ji abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, har 'yan kasuwar abinci da shanu suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Wannan tsoron na cikin abin da ya sa da yawanmu ke cin kasuwa a Ikko amma su gina a Kano ko Sakkwato, gidan da ke kulle wata goma sha ɗaya a shekara. Ba na zargin kowa, ba kuma zan yi wa kowa alkawarin cewa famfo a bakin shinge zai hana wuta ba. Amma gona ba ta shiga tirela. Wanda ya dasa kwakwa ya riga ya yanke shawarar zama, kuma mai zama a daji ba shi da tsaron da ya wuce mutanen da cin abincinsu ya haɗu da nasa. Kafin 'yan sanda su taso daga cikin gari, Iya tana bayan madafa. Duk da haka ba na son a mayar da maganar dabarar tsaro zalla. Mai kyautatawa don tsoro mutane na gane shi, kuma raini yake jawo wa kansa.

Mai irin wannan gona zai iya cewa zakka ba ta hau kansa sosai ba, tunda a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a fitar da zakkar kayan lambu da 'ya'yan itace irin ayaba da abarba. Haka ne, ko da yake kuɗin da ya tara, in sun kai nisabi sun shekara, suna nan suna jiransa. Amma haƙƙin maƙwabci babi ne daban, ba shi da nisabi, ba ruwansa kuma da addinin maƙwabcin. Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Epe gari ne mai Musulmi da yawa, bikinsu na Kayo-Kayo ma a farkon shekarar Musulunci ake yinsa. A Badagry kuwa coci da masallaci da masu addinin gargajiya duk za ka tarar, kuma dukansu maƙwabta ne. Batun shinkafa da kyamara, Alƙur'ani ya riga ya gargaɗe mu kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Hoton tsohuwa a durƙushe da buhu, an liƙa shi a tallan ɗakin kwana, in ba gori ba ne to ƙaninsa ne.

Baƙi ma a ja musu kunne. In za a kai su su ga suyar gari ko matsar manja, a nemi izinin matan tukuna, a yanka musu kuɗin lokacinsu, a gaya wa mai waya ya tambaya kafin ya ɗauka, musamman in yara ne. Mai gona ne zai faɗa wa baƙonsa irin shigar da ta dace da lokacin kashe kiɗa. In kuma ana kawo ɗaliban makarantar kuɗi daga Lekki, yaran firamaren ƙauyen su ma a ba su tasu ranar, kyauta, su ga injin ƙyanƙyasa, su ci abin da waɗancan suka ci.

Duk wannan a rubuta shi. Mu mutane ne masu son "ai mun yi magana", alhali masu maganar na mutuwa su bar 'ya'ya da musu. Takarda ɗaya ta isa: hanya a buɗe take, famfo daga ƙarfe kaza zuwa kaza, mutum nawa za a ɗauka daga gari, me za a riƙa saye, ina ruwan kududdufi zai bi, wa za a kira in an sami saɓani. A zauna a kanta sau ɗaya a shekara. Kuma kada zaman ya tsaya kan Baale da dattawa. Shugabar matan kasuwa da shugaban matasa su kasance a wurin, in ba haka ba rabon gari zai sake maƙalewa a aljihu biyu ko uku.

Ko a gonar Alhaji ba a gama ba. Abin da ke gabansu yanzu kwale-kwale ne. Baƙi na son a zaga da su cikin ruwa da yamma, samarin ƙauyen ke da jiragen, babban ɗan Alhaji ke kawo masu hawa, shi ya kuma sayi rigunan kariya. Shi yana ganin kashi ɗaya cikin uku haƙƙinsa ne. Su suna cewa ruwa nasu, jirgi nasu, ƙarfi nasu, ya karɓi kuɗin riga kawai. An zauna a gaban Baale ba a daidaita ba, an ɗaga sai bayan Sallah. Hajiya na bayan samarin, abin da ya sa ɗan nata ke cin tuwonsa a ɗaki kwanan nan. Ni ma da za a tambaye ni, cewa zan yi a bar musu kuɗin jirgin. Wanda ya hau ruwa da yamma da yunwa yake dawowa, kuma madafar ta Hajiya ce.